Jijiyar Hadiza da Ta Toshe Sau Biyu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba ni ita shekara talatin da uku, kuma Ya karɓi abinSa.

Sunana Isyaku. A Agege aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, don kakanmu soja ne da ya zo Legas tun zamanin Turawa bai koma ba. Ina aikin kula da sito a wani kamfani a Ilupeju. Matata Hadiza kuwa 'yar Funtuwa ce, a jirgin ƙasa aka kawo mini ita tana amarya. Tun da ta rasu mutane suke tare ni a hanya suna tambaya, "Malam Isyaku, ba an ce an yi mata aiki ta warke ba?" An yi mata, kuma ta warke. Na gaji da bayani a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta, ko wani zai tsira da abin da ni ban sani ba sai da lokaci ya wuce.

Hadiza girkin biki take yi. Duk wanda ya ci waina da miyar taushe a wani suna ko ɗaurin aure a unguwarmu, da wuya in ba hannunta ya ci ba. Mace ce mai ƙarfi, ita kaɗai take sauke tukunyar da maza biyu suke kamawa. Tana da hawan jini da ciwon suga, amma mun ɗauke su kamar maƙwabta masu fitina, ana zaune da su ne kawai.

Abin ya fara ne da gajiya. Wata rana na raka ta Iyana Ipaja sayen kayan miya, muka zo hawa gadar masu tafiya a ƙasa, sai na ga ta tsaya sau uku kafin mu kai sama. Ta riƙe ƙarfe tana haki, ta ce, "Malam, gadar nan ƙara mata tsawo aka yi ne?" Na yi dariya, na ce tsufa ne ya fara sallama. Har yau ina jin wannan dariyar a kunnena.

A sati na biyu ta fara kukan muƙamuƙi da tsakanin kafaɗu. Muka zaci haƙori ne, aka duba ba a ga komai ba. A sati na uku ta ce wani abu yana tokare mata maƙoshi in ta yi aiki, in ta zauna sai ya sake ta. Mai kemis ɗin layinmu ya ce olsa ce, ya ba ta wani farin magani mai kauri. Yayata, Yaya Asabe, ta ce basir ne ya hau sama. Iya Basira, Bayarabiyar da ke ɗakin gefenmu, ta kawo jiƙon saiwoyi a kwalba, ta ce nata ya wuce na asibiti. Duk Hadiza ta sha, don ba ta iya mayar da alherin mutum. Ko sau ɗaya ba ta ce ƙirjinta na ciwo ba. Ni kuma a sanina ciwon zuciya shi ne mutum ya dafe ƙirji ya zube ƙasa. Ban san na mata yakan zo a ɓoye haka ba, balle mai ciwon suga.

Ranar wata Asabar da hantsi tana suyar waina ta wani suna, ina zaure ina gyara rediyo, sai na ji Iya Basira ta ƙwalla kira, "Baba Bilki! Baba Bilki, zo!" Na tarar da Hadiza zaune a kan turmi, gumi ya jiƙe ta sharkaf kamar an kwara mata ruwa, ta yi amai, leɓunanta sun yi toka-toka. Duk da haka abin da ta fara ce mini shi ne, "A kwashe wainar nan kada ta ƙone, ta mutane ce."

Muka sa ta a keke napep muka nufi asibitin gwamnati. Cunkoson ranar ban taɓa ganin irinsa ba, motocin haya na danfo ta gaba, baburan okada ta gefe, ni ina riƙe da kanta ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da muka isa aka ce mu yanki kati, layin katin kuwa ya kai bakin ƙofa. Allah Ya saka wa wata nas da alheri, ban ma san sunanta ba. Wucewa take yi, ta kalli fuskar Hadiza sau ɗaya, ta ce a bar kati a biyo ta. Aka manna mata wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, wata takarda ta fito daga na'ura. Likitan ya duba ya kalle ni.

"Oga, tun yaushe take haka?"

Na ce sati uku, amma olsa ce.

"Ba olsa ba ce. Zuciyarta ce."

Ya ba ta ƙwayoyi ta tauna, aka yi mata allura, aka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti. A can kuma babu gado. A kan kujera ta zauna da robar iska a hanci tun azahar har bayan la'asar, 'yarmu Bilkisu, wadda ke aure a Idi-Araba, tana tsaye a kanta tana yi mata fifita da kwali.

Washegari Allah Ya haɗa mu da Likita Rahila, likitar zuciya. Ta shigo tana magana da ɗalibanta da Turanci, ta duba sunan da ke jikin kati, sai ta sunkuya ta ce, "Mama, sannu. Ya jiki?" Hadiza, wadda Turancinta bai wuce na ciniki ba, ta buɗe ido sosai.

"'Yar ina ce ke?"

"Kudancin Kaduna, Mama, wajen Kafanchan."

"Ashe 'yar gida ce. To Alhamdulillahi, yanzu zan faɗi abin da ke damuna da bakina."

Likita Rahila ce ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da na gane. Ta ce ita zuciya, duk da ita ke tura jini ko'ina, tana da nata ƙananan jijiyoyi da suke ciyar da ita. Shekara da shekaru kitse yana taruwa a cikinsu kamar yadda datti ke taruwa a bututun ruwa, har hanya ta tsuke. Ranar da jini ya daskare a wurin da ya tsuke, sai hanya ta rufe, naman zuciyar da ke gaba ya fara mutuwa. Ta ce sai an ɗauki hoton jijiyoyin kafin a san inda aka tsaya.

Bayan kwana tara aka yi hoton a wani asibitin kuɗi. Ta wuyan hannu suka zura wata siririyar roba har zuciya. Da aka gama Likita Rahila ta kira ni gaban allo. Na ga abu kamar saiwar bishiya tana motsi, reshe nan, reshe can. Ta nuna mini wani babban reshe da ya tafi ya tsaya cak kamar an datse shi da wuƙa.

"Baba, ka ga nan? Mun gwada buɗe shi da ɗan balan-balan da muke hurawa a ciki, ya ƙi wucewa. Wurin ya yi tauri, ga kuma tsohon gudan jini a kai."

Ta ce hanya biyu ce. Ko a tsaga ƙirji a yi wa jinin wata hanya ta gefe, amma da sugan Hadiza da yadda ƙodarta ta fara rauni, tana tsoron wannan. Ko kuma a yi amfani da haske, wanda suke kira leza. Wata siririyar waya ce mai haske a bakinta, a zura ta cikin jijiyar har wurin da ya toshe, hasken ya riƙa narkar da abin kaɗan-kaɗan har a sami ƙofa, sannan a sa wata 'yar raga ta ƙarfe ta tokare wurin. Sai dai na'urar ba ko'ina take ba. Akwai wani asibitin kuɗi da wani ƙwararre yake zuwa daga waje lokaci-lokaci ana yi da shi, kuma zuwansa na gaba saura sati shida.

Da na gaya wa Hadiza, ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta tambayi zafi ba. Cewa ta yi, "Ni dai kada a tsaga ni ban ga Inna ba."

Inna mahaifiyarta ce, tana Funtuwa, ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Hadiza ce autarta. Shekara huɗu rabonta da gida. Kullum ana cewa bayan wannan bikin, bayan azumi, sai hanya ta yi sauƙi, har shekaru suka taru. A kan gadon asibitin nan ta sa ni na yi mata alkawari ba za a gaya wa kowa a Funtuwa ba, har yayanta Lawal da Inna ke zaune a gidansa. Ta ce in Inna ta ji, ita za ta riga ta tafiya. Na amsa mata. A lokacin na ɗauka tausayi muke yi.

Zancen kuɗi ba zan tsawaita ba, duk wanda ya shiga irin wannan asibitin ya sani. Abin da ya fi mini ciwo shi ne filin da Hadiza ta saya a Funtuwa da kuɗin waina, bayan gidan Lawal, inda take cewa in na yi ritaya za mu gina ɗaki biyu mu dasa lemo. Shi muka sayar, muka ce wa Lawal jari za a ƙara. Mutanen masallacinmu sun taimaka, ogana ma ya yi abin da ban zata ba. Ranar da ta sa hannu a takardar filin, tana gamawa ta juya fuskarta bango.

Aka sallame mu muka dawo gida jira. A satuttukan nan na san matata ta wata fuskar da ban sani ba. Ba ta iya kwanciya sai a jingine da filo uku. Daga gado zuwa bayi sai ta huta a hanya. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na koyi dama kunu ina da shekara sittin da ɗoriya. Tana daga ɗaki tana ba ni umarni, "Malam, ka rage wuta, daga nan ina jin ƙauri." Miya babu gishiri babu mai, ita da take ciyar da unguwa. Takan ɗanɗana ta yamutse fuska ta ce, "Wannan ko fursuna sai ya kai ƙara." Ranar da na fara yi mata wanka kunya ta kama ta kamar amarya, ta ce in rufe ido. Na ce in na rufe ido ai ni da ke za mu faɗi tare.

Masu ba da shawara ba su huta ba. Yaya Asabe ta zo ta zauna a bakin gado ta ce, "Isyaku, yanzu da hankalinka za ka bari a kunna wa yarinyar mutane wuta a zuciya?" Wani ya ce hasken yana jawo ciwon daji. Wani ya ce ya san mai magani a Sango da yake wanke jijiya da tafarnuwa da zuma cikin kwana bakwai. Na rubuta duk tambayoyin a takarda na kai wa Likita Rahila, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba ta yi mini dariya ba. Ta ce ba wuta ba ce irin ta murhu, kuma ba ya jawo ciwon daji. Amma ba ta ɓoye mini ba, ta ce akwai haɗari, jijiya tana iya hujewa ko ta tsage, shi ya sa sai hannun da ya saba.

Abin da ya fi yawa a bakin Hadiza a kwanakin nan shi ne gida. In jirgin ƙasa ya wuce ta Agege da rana, sai ta kasa kunne har ƙararsa ta ɓace. Sannan ta fara ba ni labarin gonakin auduga in sun fashe sun yi fari fat, da ruwan randar Inna mai ƙanshin ƙasa, da yadda Inna take ɓoye mata ƙanzon tuwo a ƙarƙashin faifai don kada yayyenta su gani. Shekara talatin da uku tana Legas, tana jin Yarabanci har tana zagin direban danfo da shi, amma ashe rabinta bai taɓa sauka daga jirgin nan ba. In Inna ta sa aka kira ta a waya, sai ta ce in tashe ta zaune, ta tattara numfashi, ta yi hira da dariya na minti biyu. Tana kashe wayar sai ta zube a jikina tana haki, hawaye na bin kuncinta.

A sati na biyar ruwa ya taru mata a huhu, muka koma asibiti a guje, ta yi kwana uku da robar iska. Muna can aka aiko cewa ƙwararren ya ɗage zuwansa da sati biyu. Babu wanda ya ba mu haƙuri, saƙo ne kawai ya shigo waya. Ranar na fita bayan ɗakin marasa lafiya na zauna a kan wani bulo, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Ranar aikin da safe aka shiga da ita. Ba a sa ta barci ba, wurin da za a huda kawai aka kashe. Ni da Bilkisu muna waje, na ja carbi har yatsana ya yi zafi. Sama da awa biyu, sannan Likita Rahila ta leƙo da hula a kanta, ta ɗaga mini babban yatsa. Ta kai ni gaban allon, ta nuna mini reshen nan da ya tsaya cak. Yanzu ya wuce, ya miƙe har ƙasa, ya yi 'ya'ya.

Hadiza ce ta ba mu labarin ciki da bakinta. "Malam, duk sun sa tabarau kamar masu walda. Sai na ji abu yana tak-tak-tak kamar keken ɗinki. Ban ji zafin wuta ba ko kaɗan, sai dai wani nauyi kamar mutum ya zauna mini a ƙirji. Na ce Rahila zan mutu, ta ce Mama ki yi salati, hasken ne yake aiki. Can sai na ji mutumin ya tashi."

Ranar sallama Likita Rahila ta riƙo kwalaye biyu na magani, ta sa mu a gaba ni da Hadiza da Bilkisu. Maganarta na nan a kaina kalma-kalma.

"Ragar nan da muka sa baƙuwa ce a jikinta. Jini zai so ya daskare a kanta. Ƙwayoyin nan biyu su ne suke hana shi. Biyu, ba ɗaya ba. Ko rana ɗaya kada ta tsallake har shekara ta zagayo. Duk wanda ya ce ta daina, ko likita ne, ku kira ni tukuna."

Muka ce to.

Watannin da suka biyo baya, ban san da wane baki zan gode wa Allah a kansu ba. Jini ya dawo fuskarta. Ta fara da zagaya tsakar gida, ta koma zuwa bakin layi, har ta koma Islamiyyarta da ƙafa. Ta ƙwace mini ludayi ta ce na isa haka, na azabtar da ita da ya isa. Da yamma mukan zauna a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa ina karanta mata labarai daga waya, abin da ba mu taɓa samun lokacinsa ba tun muna da ƙuruciya. Ni ne mai ba ta magani kullum bayan karin kumallo, ban taɓa mantawa ba.

Da aka cika wata huɗu ta ce, "Malam, Inna."

Likita ta duba ta, ta ce tana iya tafiya, amma a jirgin sama, kuma kada ta wuce wata ɗaya. Ni hutuna ya ƙare tas a jinya, Bilkisu kuma cikinta ya tsufa. Aka shirya za ta sauka Kano, Lawal ya ɗauke ta. Na ƙirga mata maganin sati biyar na ɗaure a leda, na ce ko da an ƙara kwana. A filin jirgi ta gyara mini wuyan riga a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Kada ka zauna kullum shayi da burodi. Na gaya wa Iya Basira ta sa maka ido." Ta shige tana waiwaye. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Muryarta a waya daga Funtuwa ta zama ta yarinya. Yau ta yi wa Inna kitso, gobe ta je ganin ƙawarta ta makarantar allo, jibi an yi ruwan sama ta tsaya a ciki har Inna ta yi mata faɗa. Ban taɓa jin ta cikin farin ciki irin wannan ba. Ana saura kwana uku ta dawo, zazzaɓi ya kwantar da Inna. Ta ce, "Malam, ba zan iya barinta haka ba, ka ƙara mini sati biyu." Na ce magani fa? Ta ce za ta saya a can. Bayan kwana biyu na sake tambaya, ta ce ta saya. Ban ƙara bi ba. Ban ce ta karanta mini sunan da ke jikin kwalin ba. Ban aika mata ta mota ba, alhali kullum motoci suna tashi daga Agege zuwa arewa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Guda ɗaya ta samu a kemis, ƙaramin. Ɗayan aka ce sai an aiko da shi daga Kano. Kafin nan dasashinta yana ɗan zubar da jini in ta yi asuwaki, ta kuma yi haɓo sau biyu. Matar Lawal da sauran 'yan'uwa suka ce maganin Legas ɗin nan ne yake tsinka mata jini, ta huta da shi mana tunda ga ta garau. Ba laifinsu ba ne. A saninsu maganin hawan jini ne kawai, don mu muka ɓoye musu. Ita kuma tana jin ƙarfi a jikinta, ga Inna a kwance, sai ta bar zancen Kano. Kwana bakwai ta yi ba ta sha ba.

Ranar wata Talata da hantsi ana sauke kaya a sito, wayata ta yi ƙara. Lawal ne. Ya ce Hadiza tana shanya sai ta zauna a ƙasa tana gumi, suna hanyar asibiti. Na ce ya gaya wa likita tana da raga a zuciya, ya ce, "Wace raga?" Ina cikin yi masa bayani na ji salatin mata a cikin motar. Ya kashe. Da ya sake kira, abin da ya ce kawai, "Malam Isyaku, sai haƙuri."

Ya tambaye ni ko a jira ni. Na duba agogo, na duba nisan da ke tsakanin Ilupeju da Funtuwa, na ce kada a ajiye ta saboda ni. Bayan la'asar aka kai ta. Ni sai washegari na isa, ƙasa kawai na tarar.

Da na shiga gaida Inna, na durƙusa daga bakin ƙofa. Tana zaune a kan tabarma, ta rame, ta juyo da fuskarta wajen muryata.

"Isyaku, matso. Me ke damun 'yata da ba ku gaya mini ba? Na ji numfashinta a waya tun watannin baya, na san ba daidai yake ba. Na yi shiru ne ina jira ku faɗa."

Na gaya mata komai, tun daga gajiya har hasken da ragar da ƙwayoyi biyu. Ta saurara har na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Da kun gaya mini, da ni zan riƙa ba ta da hannuna. Ba na gani, amma ina iya ƙirga biyu."

Na fashe da kuka. Ina kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri. Ta lalubo kaina ta dafa, ta ce, "Kwananta ne ya ƙare. Amma ta zo mini da ƙafarta. Ta yi mini wanka, ta dafa mini tuwo, ta kwana a bayana sati shida. In ka koma ka ce wa likitar nan na gode."

Na kai saƙon. Likita Rahila ta cire tabarau ta ajiye a tebur, ta rufe fuska da hannu. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba tunda ba ta gani ba, amma ga dukkan alamu jini ne ya daskare a kan ragar. Ta ce zubar jinin dasashi abu ne da ake dubawa a san yadda za a yi, ba a daina magani saboda shi kai tsaye. Sau biyu ta maimaita, "Da ta kira ni, Baba."

To, jama'a, abin da na ce zan faɗa ke nan. In matarka ko mahaifiyarka ta fara haki a inda da ba ta yi, ko tana kukan muƙamuƙi da baya da gumi, kada ka tsaya a kemis, ka kai ta a duba zuciyarta. Hasken nan gaskiya ne, na gani da idona, ya buɗe abin da ya rufe. Amma aikin ba ya ƙarewa a ranar da aka fito daga asibiti. Kuma duk inda mara lafiya zai je, a samu ko mutum ɗaya a can da ya san gaskiyar ciwonsa da maganinsa. Mu mun ɓoye don ƙauna, kuma ga inda ta kai mu.

Ina godiya ga Likita Rahila, da nas ɗin da ban san sunanta ba, da mutanen masallacinmu, da Yaya Asabe da ta yi kwana arba'in tana yi mini girki ba ta taɓa cewa ai na faɗa maka ba. Bilkisu ta haihu bayan rasuwar da sati uku, mace, kun san sunan da aka sa mata. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa Hadiza addu'a, Allah Ya yi mata rahama, Ya sa can ta fi mata nan.

Ni ina nan Agege, ina zuwa aiki ina dawowa. Abu ɗaya ne na kasa bari. In na sauka daga danfo da yamma na iso ƙofar ɗakinmu, sai na yi sallama da ƙarfi kafin in sa makulli, in ɗan tsaya. Da farko shiru nake ji. Yanzu Iya Basira ta gane. Duk abin da take yi, ko tana cikin wanki ne, sai ta ɗaga murya daga ɗakinta ta amsa mini, "Wa alaikumus salam, Baba Bilki. Sannu da zuwa." Sannan in buɗe in shiga.